Raƙumin Rumfar Haladu

Rumfar Haladu tana bakin hanyar da ke gangarawa kogi, a ƙarshen garin Haɗejia ta wajen fadama. Doka ɗaya gare ta, ko baƙo sai an sanar da shi kafin ya tuɓe takalmi: a kan tabarmar nan ba mai shan ruwa sai wanda aka cinye. Randa tana nan a gindin ginshiƙi, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, moɗa a kife a kan murfi, ruwan da sanyinsa. Amma in ƙishi ya kama ka, sai dai ka yi wasan banza a cinye ka, ka sha ana tafa maka.

Karta ake bugawa a wurin. Bakari ne ya zo da wasan daga Ikko zamanin da yake jan tirela, ya ce can foka suke ce masa. A raba wa kowa kati biyar, kowa ya leƙa nasa ya ɓoye. Wanda ya ga hannunsa ba kyau tun farko ya ce "ba ni ciki", ya tsira da mutuncinsa. Waɗanda suka shiga kuwa sai a fara ƙari, wannan ya ce moɗa ɗaya, wancan ya ce ya ƙara, har wani ya tsorata ya ajiye, ko kuma a buɗe a ga mai rinjaye. Duk wanda ya ajiye ko aka rinjaya zai shanye abin da bakinsa ya yanka masa. Da can da kuɗi ake yi, har shekarar da Haladu ya sauke farali, ya dawo da haƙorin Makka da sabon tsoron Allah, ya ce caca ta ƙare a rumfarsa. Aka yi kwanaki ana zaune ana kallon juna. Daga nan aka koma ruwa, tunda shi dai ba a taɓa jin malamin da ya haramta shi ba.

To, a rumfar nan akwai Badamasi, manomin shinkafa, wanda ake kira Raƙumi. Tun shekarar da ambaliya ta cinye gonakin gabas ba wanda zai rantse ya ga moɗar nan a bakinsa. In katinsa ba kyau, ba ya shiga. In ya shiga kuwa, Allah ya yi masa wata irin fuska da ba ta ba da labari. Ko sarakuna huɗu ya riƙe, ko tarkace, haka za ka gan shi, ido a lumshe, goro a kumatu, kamar mai sauraron sanarwar rasuwar wanda bai sani ba. Mutum ya dube shi ya dube shi, zuciyarsa ta karye, ya ajiye kati mai kyau ya nufi randa.

Wanda ya fi kowa sanin hanyar randar shi ne Ja'afar, Bafulatanin da ya sayar da shanun gado ya buɗe shagon magungunan dabbobi. Shi tasa fuskar komai tana faɗa. In katinsa ya yi kyau sai ya fara gyaran hula yana murmushi, kowa ya gudu. In ya lalace sai ya hau cika baki, kowa ya bi shi. Saboda haka Ja'afar yake sha, ya tashi ya zagaya bayan rumfa, ya dawo ya sake sha, har ƙafarsa ta fitar da 'yar hanya a cikin ciyawa. Fatarsa lumui, ba ya ciwon kai, barci kuwa har a kan babur. Kakar Badamasi Babarbariya ce, don haka shi da Ja'afar abokan wasa ne, ba abin da ba sa faɗa wa juna.

"Bawana, sha a hankali," in ji Badamasi, ba tare da ya ɗaga ido ba. "Mutanen Baturiya ma suna jiran kogin nan ya iso musu."

"Ka dai jira ranarka, kaɗo," in ji Ja'afar yana goge gemu. "Na tsara maka waƙa ta musamman. Tana nan a ajiye, ko matata ba ta ji ta ba."

Al'adar wurin ce a yi wa mai sha tafi da waƙa. Ta kowa da kowa guda ce, amma Ja'afar ya daɗe yana alkawarin cewa ta Raƙumi daban take.

Abin da ba a gani daga waje shi ne kuɗin da fuskar nan take ci a jikin mai ita. Duk lokacin da Badamasi ya shiga da tarkace, zuciyarsa takan buga har ya ji ta a cikin kunnuwansa. Wuyansa ya sandare, tafin ƙafarsa ya jiƙe, amma ya danne komai ya tura ciki. Daga sallar azahar har a kira magariba yana zaune a kan ƙafa ɗaya, sallar la'asar kaɗai ke tashinsa. Ba ya shan ruwa kafin ya zo, don kada fitsari ya matsa masa a ce Raƙumi ma yana zagayawa. Da safe kuwa yana fadama, yana fama da injin ban-ruwa a tsakiyar rana, shayi mai kauri da goro su ne abincin tafiyarsa. Shinkafarsa ba ta taɓa wuni da ƙishi ba, wannan kowa ya shaida.

Matarsa Ummussalma ta gaji da magana. Ta ce yana cizon haƙora a cikin barci. Ta ce ranar nan ta taɓa shi da asuba ya ce mata "na ƙara". Ta ce ciwon kan nan da yake shanye wa ƙwayoyi ba na Allah da Annabi ba ne, na Haladu ne da rumfarsa.

"Malam, mutum sai ka ce itace? Ko tukunya aka bari a wuta ba ruwa ai tsagewa take yi."

"Ai ni ba a wuta nake ba," in ji shi. "A inuwa muke zama."

Ana tsakiyar bazara abin ya same shi. Ya sunkuya zai ja igiyar inji, sai ya ji kamar an soka masa ƙusa a kwiɓi, ciwon ya gangaro har mara. Ya durƙusa a kan kunya, gumi ya wanke shi. Maƙwabcin gonarsa da ya hango shi ya ɗauka sujada yake yi a wurin da bai dace ba, sai da ya matso ya ji nishi. Ko a lokacin, in ji mutumin, fuskar Badamasi ba ta canza ba. A bayan keken shanu aka fito da shi titi.

A asibiti aka ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ma'aikaciyar ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta fita da sauri ta kira likita. Likitar yarinya ce sa'ar 'yarsa, Dakta Adila, mai magana a hankali. Bayan an yi hoto an gwada jini da fitsari, ta zaunar da shi, Ummussalma tana gefe.

"Baba, jininka ya hau sosai. Akwai tsakuwa a ƙodarka ta dama, kuma ƙodojin duka biyu sun fara gajiya. Kana shan ruwa kuwa?"

"Ba a cinye ni," in ji Badamasi.

Likita ta dubi Ummussalma. Ummussalma ta yi bayani tun daga tirelar Bakari har zuwa haƙorin Haladu. Likita ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Wato a garin da kogi ya ratsa, kana zaune kusa da randa, kake kashe kanka da ƙishi."

"Doka ce."

"To ga tawa dokar. Ga magani, za ka riƙa sha kullum. Ruwa kuma ba sai dare ya yi ka ɗura ba, a'a, kaɗan-kaɗan duk wuni, musamman da rana tsaka, lokacin da kake zaman nan. Ka riƙa tashi kana taka ƙafa. Abin da ke tayar maka da hankali ka rage. In ka ƙi, Baba, ka ga mutanen da ke zaune a barandar can? Layin wankin ƙoda suke jira. Ba na so in gan ka a cikinsu."

Ya gan su da zai fita. Akwai wanda ya sani a ciki, wani masunci da a da shi kaɗai yake juya kwale-kwale, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, an jingina shi da bango. Suka gaisa. Badamasi ya ji tsoro ya shige shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan tabarma ba.

Tsakuwar ta fita bayan 'yan kwanaki, da azabar da ba sai an bayyana ba. Ya gwada zaman gida. Ya zauna a zaure da buta a gefe, yana sha yana kallon awaki, yana jin shewar rumfa tana tasowa daga gangare duk lokacin da aka cinye wani. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya yi wa Ummussalma gyara a kan yadda take tankaɗe, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Kafin mako ya zagayo, ita da kanta ta miƙo masa hularsa.

A rumfa ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ya kuma zo da dabara: tunda ba a sha sai an faɗi, to zai faɗi, amma sau ɗaya-ɗaya, yadda zai zama kamar tsautsayi. Da aka raba ya sami tarkacen da ko yaro ba zai shiga da shi ba, ya ce ya shiga. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, yana jiran wani ya ce a buɗe. Bakari ya dube shi ya ajiye. Haladu ya yi salati ya ajiye. Ja'afar ya yi ta cika baki, sannan ya ajiye ya nufi randa. Aka sake rabawa, ya sake shiga da shara, suka sake gudu. Ya gwada yin murmushi don su ɗauka ruɗu ne, murmushin ya firgita su fiye da da. Ran nan bai taɓa cin wasa kamar haka ba. Ya koma gida maƙogwaro a bushe, kai yana sarawa, kwiɓinsa yana yi masa gargaɗi.

Ya iya cewa "na ajiye" da bakinsa, ba wanda ya hana shi. Sau da yawa kalmar tana zuwa har leɓe ta koma. A rinjaye shi da kati, wannan ƙaddara ce. Amma ya ajiye da kansa, a ce Raƙumi ya ji tsoro, wannan ne ya kasa haɗiyewa.

Ummussalma ta ga yadda yake dawowa, ba ta ƙara yi masa magana ba. Mayafinta ta ɗauka ta tafi barkar haihuwa unguwar su Ja'afar, ta biya wajen matarsa Hajo, suka daɗe a ɗaki.

Washegari da Badamasi ya iso rumfa ya tarar da abubuwa sun canza. An shimfiɗa masa buzu a inda inuwa ta fi kauri. Bakari ya tambaye shi ya jiki har sau biyu. Ja'afar bai kira shi kaɗo ba, ya ce masa "Malam Badamasi". Haladu ya yi gyaran murya, yana juya karta a hannu.

"Jama'a, na ce ba, zafin bana ya yi yawa. Ina ganin a sassauta dokar nan. Duk mai jin ƙishi ya sha abinsa, ba sai an cinye shi ba."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Bakari da sauri. "Ni ma abin da nake tunani ke nan."

Ba wanda ya dubi Badamasi, da haka ya gane. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ji kunya ta rufe shi. Shekara da shekaru ana tsoronsa a wurin nan, yau an wayi gari ana lallaɓa shi kamar ƙwai.

"Alhaji, zafin bara ya fi na bana, ba a sassauta ba," in ji shi. "In don ni ne, a bar doka inda take. Raba."

Haladu ya raba. Badamasi ya leƙa katinsa, sai da numfashinsa ya tsaya. Sarakuna huɗu ne suka jeru a hannunsa, irin rabon da mutum kan yi shekaru bai gani ba. Ya lumshe ido yadda ya saba ya ce ya shiga. Bakari ya ce ba ya ciki. Haladu ma haka. Ja'afar ya leƙa nasa, bai taɓa hula ba, bai yi murmushi ba, wato dai ba shi da komai. Kowa ya jira ya fara cika baki.

Bai cika ba. A hankali ya ce, "Na shiga. Moɗa ɗaya."

"Na ƙara," in ji Badamasi.

"Ni ma na ƙara."

Badamasi ya buɗe ido ya dube shi. Gumi yana bin wuyan Ja'afar, ya haɗa gira yana ƙoƙarin ɗaure fuska, abin bai yi masa kyau ba ko kaɗan. Duk wanda ke rumfar ya san abin da yake riƙe da shi.

"Bawana, ajiye. Cikinka ba tanki ba ne."

"Ba zan ajiye ba. Yau ko ni ko kai. In ka isa ka ƙara."

"In na ce a buɗe fa?"

"Sai in sha," in ji Ja'afar. "Gobe in dawo in sake bin ka. Jibi ma haka. Ai wata rana katin zai zo mini. Ni dai kada ka tafi ka bar mu kafin ya zo."

Badamasi ya ji zuciyarsa tana dukan kunnuwansa kamar kullum. Ya dubi sarakunansa huɗu. Ya dubi mutumin da ya yi shekaru yana yi wa dariya, wanda bai iya ƙarya ba, bai iya karta ba, ya zo yana neman cinye shi da hannu wofi don kawai ya ga ya sha ruwa. Ya tuna masuncin da aka jingina da bango.

Ya haɗa katinsa ya kife a kan tabarma.

"Na ajiye."

Bakari ya miƙa hannu zai buɗe ya ga abin da ya kori Raƙumi. Badamasi ya riga shi, ya tura katin cikin sauran ya cakuɗa.

"Tarkace ne," in ji shi.

Ya tashi, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya je gindin ginshiƙi ya buɗe randa, ya ɗebo, ya tsuguna, ya yi bisimilla. Ruwan ya sauka yana jin sanyinsa har ƙirji. Ya shanye ya sake ɗebowa. Bai ji tafi ba. Ya waiwaya ya ga dattawa uku sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki.

"Wannan kuma wane sabon wulaƙanci ne?" in ji shi. "Kowa ya sha a yi masa waƙa, ni sai a yi mini shiru? Ja'afar, ina wadda ka ce ka ajiye mini?"

"Bar ta kawai."

"Ba zan bar ta ba. Haƙƙina ne. Ka cinye ni, ka yi mini waƙata."

Ja'afar ya share fuska da hannun riga. Ya fara tafi shi kaɗai, Haladu ya kama, Bakari ya kama. Ya buɗe baki da wata murya da ta shaƙe:

"Raƙumi ya durƙusa, kogi nemi wajen ɓuya,
Raƙumi ya durƙusa..."

Nan ya tsaya, muryar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa ta ƙi.

Badamasi ya jira, moɗa a hannu.

"Shi ke nan? Duk shekarun nan abin da ka tsara ke nan?"

"Akwai saura," in ji Ja'afar yana jan hanci. "Sai ka sake faɗuwa gobe."

"Waƙar ba daɗi."

"Sha ruwanka, kaɗo."

Ya shanye abin da bakinsa ya yanka masa, a hankali, ana tafa masa har ƙarshe. Bakari ya yi dariya har da faɗuwa, wannan karon ta gaske. Aka sake rabawa. Ba a yi nisa ba Badamasi ya fara mutsu-mutsu a kan buzu, ya gyara zama, ya sake gyarawa. Daga bisani ya ce ba ya ciki, ya ɗauki buta ya miƙe. Ya fita bakin rumfa ya tsaya yana dube-dube, dama da hagu, don bai taɓa zuwa ba.

Ja'afar ya ajiye katinsa ya taso, ya kama hannunsa ya nuna masa 'yar hanyar da ta ratsa cikin ciyawa.

"Bi nan," in ji shi. "Akwai ƙaya ta hagu, ka kula. Muje in raka ka, ni ma fitsari ya matso ni."